Fitilar Barandar Papa Kwarteng

Madam Serwaa, jami'ar duba wayoyin wutar lantarki, ta gwada soket na bakwai da na'urarta, allurar ta tsaya inda ake so. Gidan Papa Kwarteng da ke unguwar Bantama shi ne na uku da take dubawa a ranar. Wata biyar ke nan da yanke masa wuta saboda wayoyinsa sun tsufa, kuma ba za a mayar ba sai ta sa hannu a kan sabon aikin wayoyin da aka yi masa.

Tsohon yana zaune a falo, labulaye a sake, rediyo mai batir a cinyarsa. Da ta miƙa katin aikinta bai karɓa ba, ya ce muryarta ta ishe shi shaida. Daga zaunen ya riƙa faɗa mata inda kowane makunni yake. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Takoradi, sai dai waya ran Lahadi.

Ɗakuna duk lafiya. A baranda ta sami matsala: mai haɗa wutar ya bar wayar fitila a buɗe daidai inda ruwan sama ke zuba. Ta ce za ta amince da sauran gidan, a cire baranda, sake dubawa kuma sai bayan wata biyu.

Ya kashe rediyon. Ya ce a da ƙarƙashin wannan fitilar maƙwabta ke taruwa da magariba suna dara, mai sayar da dokunu, tuwon masara, ma nan take kafa teburinta. Shi nasa zama ne a gefe, yana jin gardamarsu. Tun da aka yanke wuta suka koma ƙofar shagon aski can ƙasan layi, ba wanda ya sake leƙo shi.

"'Yata, ki soke ɗakunan duka, ki bar mini barandar."

Ta ce masa doka ba ta tafiya haka. Amma ta kira mai aikin, ta zauna jiransa awa biyu, har lokacin duba gida na huɗu ya wuce ta. Aka sa wayar a bututu, ta gwada, ta sa hannu.

Tana haɗa jakarta ta ce ƙwan fitilar ɗakin barcinsa ya yi ƙanƙanta, zai wahalar masa da ido, gara a canza.

Ya yi murmushi, fuskarsa na fuskantar inda ta tsaya ɗazu.

"Bar shi kawai, 'yata. Shekara tara rabon idanun nan da ganin haske."