Kaza a Akwatin Zaɓe

"Ba mai taɓa akwatin nan sai ta ƙyanƙyashe," in ji tsohuwar, ta tare ƙofar ɗakinta da taɓarya.

Ma'aikacin da ya zo daga Gaya cikin kwalekwale ya share gumi. Sabon zaɓe ya matso, an aiko shi karɓar akwatin da aka bari a ƙauyen tun zaɓen farko, shekarar da kogi ya cika ya datse hanya.

"Inna, kayan gwamnati ne fa."

"To, gwamnatin ta leƙa."

Ya durƙusa ya leƙa. Kaza ce kwance a kan ƙwai. A ƙarƙashinta kuwa ƙuri'un ƙauyen ne, sun yi laushi, ba wanda ya taɓa ƙirga su.

"Amma ai rediyo ta faɗi sakamakonku tun lokacin," ya ce a hankali.

"Mun ji, ɗana, har guɗa muka yi. An ce dapite, ɗan majalisarmu, zai kawo rijiya da lakwal ta karatun yara, muna nan muna jira. Wannan kuwa, tunda ta hau ƙuri'unmu ba ta taɓa tashi hannu wofi ba. Kowane gida a garin nan akwai jikokinta."

Masunta suka taru. Maigari ya ce tunda zamanin zaɓe ne, duk mai son a tada kazar ya ɗaga hannu. Ma'aikacin ya ɗaga nasa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga shi kaɗai ne.

"Kada ka ji haushi, ɗana," in ji tsohuwar. "Taka ƙuri'ar dai an ƙirga ta."