Talatar da Tsattsewa Bai Zo Ba

Belarmino ya damƙi hannun Farfesa Iracema ya murɗe har ta saki takardar. Shekarunsa saba'in da huɗu, amma sai da masu gadi biyu suka tarar masa, ɗaya ya tashi da haɓo. Ko da suka jefo shi kan titi, takardar tana aljihunsa.

Shekara talatin ƙungiyarsu ta 'yan kwaminis a Recife, a ƙasar Brazil, tana riƙe da labari ɗaya, har ya shiga littattafai: Valdomiro ne ya ci amana. An kama shi a zamanin mulkin soja, aka dira gidan da suke buga jarida a ɓoye, aka kashe mutum shida. Da aka sako shi yana jan ƙafa, ƙungiya ta yanke masa hukunci. Belarmino ne ya tare shi a bakin kasuwar kifi ya ɗirka masa harsashi uku. Valdomiro ya riƙe masa riga yana cewa, "Na cika kwanakina, kwamared." Zuleide, matar Belarmino, ita ta wanke jinin daga rigar. Dama a makon kamun Valdomiro ɗansu ya kusa mutuwa da ƙyanda, tun daga lokacin maganarta ta ragu.

Ƙa'idarsu sananniya ce. Wanda aka kama zai daure kwana biyu, komai azaba. Kowa kuma yana da abokin mahaɗa da ba wanda ya sani sai shi. Idan mutum bai bayyana a mahaɗarsu ta tashar bas cikin minti biyar ba, abokin zai sanar a kwashe gida.

Sai ga shi an buɗe rumbun takardun 'yan sandan ciki. Farfesa Iracema, mai binciken tarihi, ta nuna wa Belarmino fayil ɗin Valdomiro, da rana da awa. An rataye Valdomiro a sandar ƙarfe, an jona masa lantarki, an farfasa masa gwiwa da guduma. Kwana biyar ya daure kafin ya buɗe baki. Ashe abokin mahaɗarsa ne bai je tasha ran Talata ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Sunansa na ɓoye Tsattsewa.

Sunan gaskiya yana cikin jerin da ƙungiya ta taɓa aikawa Mosko, babban birnin Rasha, wanda shi ma yanzu aka buɗe. Farfesa ta samo kwafi, amma da ta dubi idon dattijon sai ta ce ba za ta karanta masa ba. Abin da ya jawo murɗe hannu ke nan.

A gida ya zaro tsohuwar bindigarsa daga gwangwanin garin rogo, ya aje ta kan tebur. Rubutun takardar na Rashanci ne, shi ko harafi ɗaya bai sani ba. Zuleide kuwa ta yi shekara biyu a makarantar jam'iyya a Mosko kafin aurensu.

"Tsohuwa, sa tabarau ki karanta min. Ko a gadon asibiti Tsattsewan nan yake, sai na fasa kansa. Shi ya sa na kashe mutumin kirki."

"Ka sha kofinka tukuna, tsoho."

"Karanta!"

Ta daɗe tana goge tabarau da gefen riga. Sannan ta bi layin da yatsa, ta ce, "Anacleto Pires."

Belarmino ya daki tebur har kofi ya kife. Anacleto, ɗan ƙungiyarsu, ya shekara goma a kabari, Belarmino da kansa ya yi masa jawabin yabo. Ya kifa kai ya yi kuka mai ban tausayi, yana kiran sunan Valdomiro.

Zuleide ta ɗauke bindigar ta zazzage harsasan a aljihunta, ta kunna murhu ta kara takardar a wuta. Ta tsaya tana kallo har harshen wutar ya cinye layin da aka rubuta sunanta.