Rubutun Bakin Mayafi

"Wannan ne karatun? Kallon gumakan Nasara?" in ji Alhaji Shitu, a tsakiyar wani gidan tarihi a Manhattan, cikin birnin New York. Tun daga gidansu a unguwar Bronx ya rantse yau 'yarsa Hanan za ta bar jami'a.

Ta kai shi gaban hoton Nana Maryam, aikin wani tsohon mai zanen coci na Italiya. Alhaji ya taɓe baki. Sai idonsa ya faɗa kan bakin mayafinta, inda wasu haruffa suka jeru da ruwan zinare.

Ya gyara tabarau. "Larabci ne! Kalmar shahada ce ɓaro-ɓaro. Ashe bawan Allahn nan Musulmi ne a ɓoye! Ke duk bokonki ba ki gani ba?"

"Ina ni ina saninka, Baba."

"Ci gaba da karatunki," ya ce, yana tura hoton ga mutanen masallaci ta WhatsApp.

Hanan ta yi godiya. A kan wannan mayafin take rubuta kundinta: mai zanen ko alif bai sani ba, ado kawai ya kwaikwayo daga yadin fatake, haruffan ba su ce komai ba.