Gara a Soron Sada

"Wanga fili na bayan ɗaki fa, akwai wani abu ƙasanshi?"

Haulatu tana cikin madafa, ta leƙo ta hujin zana, sa'ad da Malam Lawal, malamin sikelin gyaɗa, ya yi tambayar. Mijinta Sada bai ko dubi wurin ba. Ya sosa haɓa da babban yatsansa, wanda lauje ya taɓa tsagawa, ya ce, "Babu komi."

Ta koma ta zauna bisa murhu mai sanyi. A filin nan, ƙarƙashin wani zogale, aka rufe ɗanta na fari, bara, yana da kwana goma sha ɗaya. Ɗan fari kuwa ba a yi masa kuka a gaban mutane, ba a ambaton sunansa. Ita ba ta ambata ba, Sada ma bai taɓa ba. Yanzu ga mai saye yana auna wurin da taki, yana cewa nan zai gina ɗakin ajiyar buhuna.

Tun da mahaifin su Sada ya rasu, wansa Yaya Ummaru ya aiko daga Ƙofa ta ƙasar Kusada cewa Sada ya sayar da gidan Kankia ya komo gandu. Ba a musu da babban wa. Sada ya ce to, ya ci gaba da cin tuwonsa kamar kullum. Jiya ma, wai don a kintsa gida, ya tura ta wuni wurin gwaggonta, abin da bai taɓa yi ba. Da ta dawo ta tarar ruwan randa ya yi rabi, turmi kuma yana ƙofar soro. Ta mayar da shi wurinsa ba ta tambaya ba.

Wanda zai yi wa gidan kuɗi shi ne Gajere, tsohon magini, da aka ɗauko daga Kusada don kada a ce an yi son kai. Tun farko ya faɗa musu, "Ƙasa ta hukumar En'e ce, ba a saida ta. Gini za mu duba."

Ya bi katanga yana bugu da sanda yana sauraro. Ya zura guga rijiya, ya ƙirga gaba tara, ya ɗanɗana ruwan. Ya duba indararo, ya ce a sake ɗaya. Duk abin da ya yaba sai Malam Lawal ya gyaɗa kai, ita kuma tana fatan a sami aibu. Gidan ba shi da aibu, ta fi kowa sani, ita ke share shi.

Suka shiga soro, ɗakin kwanansu. Gajere ya ƙura wa rufin ido.

"Kai, Sada, yaushe rabonka da ɗaga kai sama?" in ji Gajere. "Dubi hanyar gara, layi huɗu. Gara ba ta taɓa azara sai wadda ruwa ya riga ya kashe. Wanga rufi, in ya kai damina biyu, ku kira ni almajirin gini."

"A dai hau a duba, Baba," in ji Malam Lawal.

"Da waɗanne gwiwoyi? Shekara arba'in ina ganin gara, ba sai na gaisa da ita ba."

Fam goma sha biyun da ake zance ya koma biyar. Malam Lawal ya kakkaɓe rigarsa ya ce shi bai zo sayen kabari ba. Sada ya raka su zaure, ya dawo ya tsaya nesa da madafa, ya ce wa iska, "Yaya ba zai yarda da biyar ba. Sai mu zauna." Ya ɗauki fartanya ya fita.

Haulatu ta yi hamdala a zuci, sai kuma tsoro ya biyo baya, don ƙarƙashin rufin nan suke kwana. Ta jawo turmi cikin soro, ta hau, ta kai hannu ta ɓantaro lakar hanyar gara ɗaya.

Babu gara ko guda. Azarar tana nan baƙa, da ƙarfi kamar dutse. Lakar kuwa cikinta bai gama bushewa ba.

Ta sauko, ta fita bayan ɗaki inda haske yake, ta juya gutsuren a tafinta.  Sannan ta durƙusa ta binne shi gindin zogale, ta shafe wurin da hannu, ta ƙudurta ba za ta faɗa wa kowa ba, har Sada kansa, cewa a jikin lakar akwai shatin babban yatsa, da tsaga a tsakiyarsa.