Jinin Umma

Sharfuddeen ya tofar da yawu a bayan tirelar shanu, ya ga jini, ya sa takalmi ya murje shi kafin mai saye ya juyo. Dillali ne a mayankar Fatakwal, bakinsa ne jarinsa. Mutum ne da zai iya sayar maka da ramammen sa, ka tafi kana yi masa godiya. Yau kuwa ko sallama sai ya dafe kunci.

"Aboki, wetin do your mouth?" in ji mai sayen, yana tambayar abin da ya sami bakinsa.

Ya ce haƙori ne.

Ba haƙori ba ne. Likita Joanna, 'yar Kudancin Kaduna, da Hausa tsantsa ta faɗa masa don kada ya ce Turanci ne ya ruɗe shi: sankarar baki ce. Sai an cire wani ɓangare na muƙamuƙinsa tun ba ta gangara wuya ba. Zai rayu, in Allah ya so, amma maganarsa ba za ta koma yadda take ba.

Tsoro ya kama shi, irin wanda ke sa babban mutum gumi a ƙarƙashin fanka. Dillalin da ba a gane maganarsa, me zai ciyar da 'ya'yansa da shi?

Sai ya tuna gidansu na unguwar Mile 2 Diobu. Mata biyu ne suka yi wannan ciwo a gidan. Ummansa, Mu'minat, da Gwaggo Barira, matar ƙanin babansa. Tun zuwansu daga Arewa gwangwanin taba gari ɗaya suke ɗiba, su cusa a leɓe, su bi da goro. Likita ɗaya ya duba su a Inugu, ƙaramin yanka iri ɗaya aka yi musu. Umma ta warke, ga ta nan har yau tana faɗa da masu okada. Barira kuwa ba ta ga azumin gaba ba.

Da ya ba likita wannan labari, ta ce hakan na faruwa. Kowa da irin garkuwar jikin da ya gada. Masu bincike sun lura cewa ɗan bambanci a ƙwayoyin gado kan sa jikin wani ya yi ta kokawa da ciwon, na wani kuma ya saki da wuri. Ta ƙara da cewa ba su da wannan gwaji a nan, kuma ko da suna da shi, ba zai hana a yi masa aikin tiyata ba.

To amma kunnen dillali abin da zai ci riba da shi kaɗai yake ɗauka. Sharfuddeen ya fito da kalma ɗaya a ransa: gado. Jinin Umma ne a jikinsa. Ƙaramin yanka ya ishe shi, babu mai taɓa masa muƙamuƙi.

Barira kuwa, Allah ya ji ƙanta, bai taɓa jin za ta zame masa abin misali ba. Mace ce da ba ta son sa, haka ya taso yana gani. In ya shigo ɗaki ta fita. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan", sai "yaron Yaya". Ranar girkinta dai yakan tarar da tsoka ɓoye a ƙarƙashin tuwonsa, ya ɗauka kuskure ne. Ina ita ina Umma, wadda ke ƙwala masa kira tun daga bakin famfo, Sharfuddeen, Sharfuddeen, har matan layi na tsokanarta da rashin kara.

Da ya kai wa Umma albishir, ya zaci za ta yi hamdala. Sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ta roƙe shi ya bi maganar likita. Ya yi dariya da rabin baki, ya ce ai ita ce hujjarsa. Ta aika masa limamin unguwa, ta aika masa sarkin fawa. Ta daina cin abinci. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya, jinin Umma ba ya faɗuwa.

Kumburi ya fara leƙowa ƙarƙashin haɓarsa. Ya naɗa rawani ya rufe.

Ranar da aka sa za a yi aikin, likita ta yi ta kiran waya, ya kashe wayar ya tafi mayanka. Yana tsakiyar ciniki ya hango okada ta tsaya cikin caɓi, tsohuwa ta sauko da takalmi ɗaya. Umma ce, wadda ba ta taɓa taka wurin nan ba. Ta ratsa mahauta da jini da ƙudaje, ta kama bakin rigarsa da hannu biyu tana kuka, ba ta damu da masu kallo ba.

"Umma, don Allah ki koma gida. Ke kin warke, ni ma zan warke. Abin da kika ba ni ne zai tsare ni."

"Ban ba ka komai ba sai goyo, Sharfuddeen. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Kana da kwanaki a duniya baffanka, mijin Barira, ya ɗora ka a cinyata, aka ce kada a ƙara tayar da maganar. Ka taɓa jin uwa a garinmu tana kiran sunan ɗanta na fari gatsal, yadda nake kiran naka?"

Hannunsa ya tafi kan kumburin da kansa.

"Barira ba ƙin ka take yi ba," in ji Umma. "Kunyarka take ji, kai ne ɗanta na fari."