Tubalin Intalla

Haula ta ja tubalin hoton cuku sama, ta sauke na farashi ƙarƙashinsa. Haka ake ginin shafin intanet na ƙungiyar mata masu cuku ta Dakoro: tubali kan tubali, wannan hoto, wancan rubutu, sai ka ce ginin rumbu.

Tubali ɗaya ne ya gagare ta taɓawa. Yana gindin kowane shafi, ɗauke da lambar Intalla da muryarsa. In an latsa, sai ya yi sallama da Hausarsa mai ɗanɗanon Buzanci, ya yi dariya, ya ce cukun Dakoro ba ya kwana a kasuwa. Shi ya gina shafin, shi ya koya mata jan tubala. Da damina ya hau babur ya nufi Tagriss ɗauko kaya, da wayarsa da komai, bai dawo ba. Muryar nan babu ita ko'ina sai a tubalin.

Inna Kadija, shugabar ƙungiyar, ta biyo ta har gida, don Haula ta kwana biyu ba ta fita. Ta same ta miƙe da ƙafafu a tabarma, tana tsotsar tsamiya, kunnuwa ba ko ɗan kunne.

"Ɗiyata, masu saye suna ta kiran lambar ga, ba mai ɗauka. Sun hwara komawa wajen wasu. Ki hidda shi."

"To, Inna."

"Na san da wuya. Amma wanda ya tahi ya tahi."

Haula ta yi dabara irin ta mai son tuwo da son miya. Za ta cire shi daga shafin farko, inda baƙi ke shiga, ta bar shi a na ƙarshe, wanda ba mai leƙawa sai ita. Ta latsa gogewa. Wayar ta yi wata doguwar tambaya, ita kuwa ido ya cika da ruwa, ta amsa e don a wuce wurin.

Abin da Intalla bai kai ga koya mata ba shi ne, tubalin guda ne tak, leƙowa kawai yake yi a kowane shafi. Ta buɗe na biyu, wayam. Na uku, wayam. Ta ce ko rezo ne, wato sabis ɗin waya, ta ɗaga waya sama, ta kashe ta kunna. Na ƙarshen ma fili ne fari.

Ta kife wayar a tabarma.

Da safe hannunta, da bai san an yi ɓarna ba, ya buɗe shafin ya ɗora wayar a kan cikinta, kamar yadda ta saba tun ranar da aka tsamo gawar mijinta Intalla daga kwari, ɗan da ke ciki ya motsa yana jiran sallamar ubansa.