Babur Ɗin Lawali

"Tasi'u, ka ji tsoron Allah, kayan mamaci ne!" in ji Saude, yayarsa.

"Yaya, sunan wa ke jikin rajista da inshorar? Nawa ne ko nasa?"

Bai iya kallon idonta ba. Lawali mutumin Maraɗi ne, haƙar kuza ta kawo shi Riruwai. Da ya sayi babur roba-roba aka ce sai da katin ɗan ƙasa, shi ne Tasi'u ya ara masa sunansa. Yanzu rami ya rufta da Lawali, ga mahaifinsa ya iso, yana zaune a zaure.

Tasi'u ya fita, ya durƙusa ya yi ta'aziyya. Bai bari tsohon ya buɗe baki ba.

"Baba, kada a wahalar da kai. Babur ɗin nan nawa ne, ga shaida. Marigayi aro yake yi."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"To, ashe na yi ɓatan kai, yaro. Ba karɓa na zo yi ba. Lawali ya sha gaya mini a waya, in ta Allah ta kasance a bar wa wanda ya ara masa suna babur ɗin halak malak, don bai taɓa ganin mai amana irinsa ba."

Ya jawo takalmansa, ya dafa bango ya miƙe.

"Ko ka san inda zan sami wannan yaron?"